Bin sawun annoba a cikin jinin jama'a

Ranar 19 ga Maris 2020 aka ba da sanarwar mutum na farko da korona ta kama a Nijar. Daga ranar har annobar ta lafa, waɗanda hukuma ta rubuta ba su cika 10,000 ba, mamata kuwa 300 da 'yan kai, a ƙasar da jama'arta ta haura miliyan 20. Shi ya sa a fadarmu nan Tawa, in shayi ya kai na biyu, sai ka ji wani ya ce ai ciwon bai shigo ba, rana ce ta ƙone shi tun a hanya. Ni da nake aikin labo ban cika tanka musu ba, don na san abin da wannan lissafi ya ƙirga. Ya ƙirga wanda ya ji jiki, ya zo likita, aka tura masa tsinken auduga a hanci, kuma a farkon lamarin sai an kai tsinken har CERMES, cibiyar binciken lafiya da ke Yamai, tafiyar fiye da kilomita 500. Wanda ya yi mura kwana 3, ya sha citta da lemun tsami, ya koma kasuwa, babu littafin da ya shiga.

A watan Afrilu 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta haɗa awon jinin da aka yi a ƙasashen Afirka ta fitar da abin da ta gani: a Yunin 2020 kusan mutum 3 cikin 100 ne ciwon ya taɓa, zuwa Satumban 2021 sun kai 65 cikin 100. Ta ce waɗanda suka kamu a zahiri sun ninka waɗanda aka rubuta kusan sau 97. Wannan tazara ba a gano ta da tsinken hanci ba, da jini aka gano ta. Yadda ake wannan aiki nake son in bayyana wa ƙannena masu shigowa sana'ar, domin wata annobar za ta zo, kuma ku za a tura gida-gida.

Idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, jiki yana ƙera mata sojoji nata na kanta, waɗanda suka san kamanninta. Mu a labo antikor muke ce musu, a gari kuwa sojojin jini. Ba sa fitowa nan take. A korona sai mako 1 zuwa 3 bayan ciwon ya fara kake iya ganinsu. Waɗanda ake kira IgM kan ɓace da wuri, IgG su ke daɗewa watanni. Tsinken hanci yana kama ɓarawo ne yana cikin gida. Awon sojojin jini sawun ɓarawon yake nuna maka bayan ya fice. Saboda haka duk adadin da ka samu yau, labarin makonni biyu ko uku da suka wuce ne da abin da ya gabace su. Ka riƙe wannan, don ranar da mai gari zai tambaye ka ko ciwon na cikin gari yanzu, ba wannan awo ne zai ba shi amsa ba.

Tun ran gini ran zane. Kafin ka taɓa allura, ka zauna ka rubuta a layi ɗaya su wa kake son sani a kansu. Birnin Tawa kaɗai? Har da ƙauyukan kewaye? Jihar duka, da Ƙonni da Madawa da Abalak? Amsar ita ke yanke komai, daga kuɗin mai har yawan kwalabe. Daga nan sai takardu. Ba a ɗibar jinin mutane don bincike sai kwamitin ƙasa mai duba ɗa'ar binciken lafiya ya amince, sai kuma hukumar lafiya ta jiha ta san da zamanka. Wannan ba abin da zan tsawaita ba ne, amma wanda ya tsallake shi, ko ya sha wahalar duniya sakamakonsa ba ya da amfani.

Inda aikin ke lalacewa ko ya gyaru shi ne wajen zaɓen mutane, kuma a nan ne lalaci ke zuwa da siffar dabara. Wani zai ce me ya kai mu yawo a rana, ga masu ba da jini nan a asibiti, ga mata masu awon ciki, ga marasa lafiya a layi. Gaskiya ne jininsu na da amfani. A Kenya da jinin masu ba da jini aka fara gano cewa tsakanin Afrilu da Yunin 2020 kusan mutum 4 cikin 100 sun riga sun kamu, lokacin da lissafin hukuma ke nuna kamar ba kowa. Amma ka dubi wa ke ba da jini a wurinmu: galibi saurayi ne ko magidanci mai ƙarfi da aka kira don ɗan'uwansa na kwance. Babu tsohuwa a cikinsu, babu yaro. Alhali kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. In ka auna masu ba da jini ka ce ka auna gari, ka bar rabin garin a waje. Haka kiran masu sa kai ta rediyo ko Facebook: wanda zai taso shi ne wanda ya yi tari yana zargin kansa, ko wanda ya ji za a raba sabulu.

Hanyar da ta fi ita ce ƙuri'a. Ka nemi taswirar yankunan ƙidaya daga ma'aikatar ƙididdiga ta ƙasa, INS, waɗanda aka yanka don ƙidayar 2012. Sun tsufa, gari ya faɗaɗa sosai tun lokacin, saboda haka duk yankin da ƙuri'a ta faɗa masa sai kun taka da ƙafa kun sake ƙirga gidajensa, kuna sa lamba da alli a jikin garu. Daga cikin lambobin nan za a sake jefa ƙuri'a. Kada ka bar mai unguwa ya zaɓa maka gidaje, ko da kuwa da kyakkyawar niyya. Zai kai ka gidajen da ya san ba za a kunyata shi ba, gidan malamin lakwal da na ɗan kasuwa, ya kauce wa bukkokin bakin gari. Na taɓa ce wa wani, ranka shi daɗe, ƙuri'a ce ta nuna wancan gida, ba ni ba. Ya yi dariya ya ce to ƙuri'arku ba ta san mutane ba, wancan ko ruwa ba ya ba baƙo. Mun je, an ba mu ruwan, an kuma ba mu jinin.

Mutum nawa? Lissafin da aka saba shi ne, in ba ka da masaniyar yawan waɗanda suka kamu, kuma kana son kuskurenka kada ya wuce 5 cikin 100 sama ko ƙasa, kana bukatar mutum 384. Amma wannan in kowane mutum shi kaɗai aka tsinto ne. Mutanen gida ɗaya iska ɗaya suke shaƙa, ƙwarya ɗaya suke sha, in ɗaya ya kamu saura ma sukan kamu, don haka jinin mutum 6 na gida ɗaya bai kai na mutum 6 na gidaje 6 ba da labari. Ana ninka adadin sau 2, ya zama 768. Ka ƙara don waɗanda za su ƙi ko ba za a same su ba, a ce 1 cikin 5, ka tashi da 960. Ni na fi son a warwatsa su, yanki 40 mutum 24 kowanne, da a tara su a yanki 15. Ya fi cin mai, ya fi gaskiya.

Akwai wani abu da ba za ka same shi a tsarin da aka rubuto daga Janeba, mazaunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ba, kuma shi ne babbar matsalar Adar, yankinmu na Tawa: cin rani. Da an gama girbi, maza sun watse, wasu Abijan, wasu Libiya, wasu Najeriya. Ka shiga ƙauye a watan Fabrairu, mata da yara da tsofaffi za ka tarar. A birni ma in ka zo da hantsi maza na kasuwa ko garka, ranar Lahadi kuwa, ranar kasuwar Tawa, kada ma ka fita. Sai ka wayi gari cikin mutum 100 da ka ɗiba 70 mata ne. Maganinsa biyu. Na farko, ka koma gidan har sau 3, sau ɗaya bayan la'asar, kafin ka rubuta ba a samu mutum ba, kuma kada ka maye gurbinsa da maƙwabcin da ya leƙo kallo. Na biyu, ka rubuta kowa da kowa na gidan, har wanda ba ya nan da wanda ya ƙi, da shekarunsa da jinsinsa, don mai lissafi ya daidaita nauyin kowane rukuni daga baya. Ka kuma tuna cewa waɗannan da ba su nan su ne suka fi cuɗanya da duniya, a tasha, a mota, a ɗakin haya na mutum 10. In kana son ka gan su, farkon damina ne lokacinsu.

Azumi kuma ka kauce masa gaba ɗaya. Za ka iya kawo fatawar cewa ɗan jinin awo ba ya karya azumi, amma ba a ƙofar gidan mutum da tsakar rana ake wannan muhawara ba.

Maganar jini a wurinmu ba ƙaramar magana ba ce, kuma mutane ba su yi laifi ba da suke tsoro. Labarin gwajin maganin sanƙarau da aka yi a kan yara a Kano a 1996 ya tsallako iyaka tun tuni, ga shi a 2020 an rufe masallatai, an killace Yamai, zukata sun yi zafi. Zuwa da kai ya fi saƙo: kwana biyu kafin aiki ka je gun mai unguwa da liman da kanka, tare da rele ɗin unguwar, waɗanda mutane suka saba gani lokacin rigakafi da rabon maganin zazzaɓin yara. Kowace ƙungiya ta kasance da mace mai ɗibar jini, don akwai gidajen da namiji ba ya wuce zaure. Matar da mijinta ke Abijan za ta ce sai ta tambaye shi. Kada ka matsa mata. Ka bar ta ta tura masa murya a WhatsApp, ka dawo gobe.

Wata tsohuwa a unguwar Bilbis ta kama hannun abokiyar aikina ta ce, "Ɗiyata, mi za ku yi da jinin ga? Ina kuka kai shi?" Ita kuwa ba ta ce komai ba sai da ta nemi a kawo cokalin shayi. Ta cika kwalbar awon da ruwa ta juye a cokalin, bai cika ba. Ta ce, "Inna, iyakarsa ke nan. Muna son mu gani ko ciwon nan da aka yi ta faɗi ya ratsa garinmu ba mu sani ba. Ba awon sida ba ne, ba a saida shi, sunanki ma ba ya bisa kwalbar, lamba ce." Tun ranar nake yawo da cokali a aljihu. Mililita 3 zuwa 5 ake ɗiba, cikin kusan lita 5 da ke jikin babba. Ka faɗi wannan, ka faɗi cewa ƙi ba laifi ba ne kuma ba zai hana kowa magani a likita ba, sannan a sa hannu ko a dangwala. Yaro iyayensa ke amincewa, amma in ya yi wayo shi ma a tambaye shi. Kada ka yi alkawarin kuɗi. In akwai hali, ka auna wa mai zazzaɓi maleriya nan take ka tura shi likita, wannan ya fi jika ɗaya daraja a idonsu.

Tambayoyi kuwa a taƙaita su. Shekaru, sana'a, tafiye-tafiye, tari ko zazzaɓi ko ɗaukewar jin ƙanshi, da kuma allurar rigakafi. Kada ka tambayi wata da sunan boko, ka ce kafin azumi ko bayan Sallar Layya, da damina ko da ɗari. A ƙarshe, cikin ladabi, ka tambayi ko an yi rashi a gidan cikin shekarar da ta wuce, da shekarun mamacin. Yawancin mutuwa a ƙasarmu ba ta shiga takarda, kuma ba ka iya auna haɗarin ciwo in ka san waɗanda suka kamu ba ka san waɗanda suka tafi ba.

Maganar rigakafin tana da ƙulli. Kayan awo iri biyu ne: masu neman sojojin da ke yaƙar ƙayar da ke bayan ƙwayar, wadda ake kira S, da masu neman na wani sashe da ke cikinta, N. Alluran AstraZeneca da Johnson & Johnson ƙayar kawai suke nuna wa jiki, saboda haka a Turai suna cewa mai S kaɗai rigakafi ya yi, mai N kuwa ciwon ya yi. Mu wannan dabara ba ta zauna mana daidai ba, domin da Sinopharm aka buɗe rigakafi a Nijar ranar 29 ga Maris 2021, ita kuwa ƙwayar ce sukutum aka kashe, tana iya tada N ɗin ma. Ga shi sojojin N sun fi saurin ja baya, wanda ya yi ciwon shekara guda da ta wuce za ka iya auna shi ka ga fayau. Don haka kada ka yarda da "e, an yi mini." Ka ce a ɗauko karne, wato katin allurar, ka kwafe sunan allurar da ranar.

Yanzu kayan awon kansu. Akwai na gaggawa, ɗan faranti kamar na maleriya, ɗigon jini daga yatsa, minti 15 ka ga layi. Akwai ELISA, faranti mai rami 96 da ake yi a labo, irin na Wantai da Hukumar Lafiya ta Duniya ta raba wa ƙasashe da dama a tsarinta na bai ɗaya mai suna Unity. In da zaɓi, ELISA. Na gaggawa an rubuta a kwalinsa a ajiye shi ƙasa da digiri 30, mu kuwa a watan Afrilu inuwa ma ta haura 40, kuma layin da ya fito dishi-dishi, ma'aikaci biyu amsa biyu.

Ko wanne ka ɗauka, kada ka gaskata abin da kamfani ya rubuta sai ka gwada shi da jinin mutanenmu. A Mali da Benin da Najeriya an ɗauko jinin da aka ajiye tun kafin a san korona a duniya, aka auna, wasu suka nuna wai suna da sojojinta. Ana danganta abin da maleriya da sauran cututtukan da jikinmu ya saba kokawa da su, waɗanda ke barin jini cike da sojoji masu kama abin da ba nasu ba. Jinin Bature da aka gwada kayan da shi bai san wannan ba. Saboda haka ka nemo tsohon jini na kafin annoba, gwargwadon yadda za ka samu, ka ga nawa ne za su nuna ƙarya. Ka kuma nemo jinin waɗanda tsinken hanci ya tabbatar sun yi ciwon, mako 3 ko fiye da warkewa, har da waɗanda bai kwantar ba, ka ga nawa ne awon zai tsallake.

Bari in nuna maka abin da ya sa nake nanata wannan, da misali. A ce kayanka na kama 90 cikin 100 na waɗanda suka kamu, kuma suna yi wa 5 cikin 100 na masu lafiya ƙazafi. Ka ji kamar kaya masu kyau. A ce annoba ta fara shigowa, cikin mutum 1,000 mutum 20 ne suka kamu. Awon zai kama 18 daga cikinsu. Cikin sauran 980 zai yi wa 49 ƙazafi. Ka tashi da 67, ka rubuta 6.7 cikin 100, alhali gaskiyar 2 ce. Ka ninka annobar fiye da sau 3 kana zaune a kujera. Gyaran ba wuya, tun 1978 wasu masana biyu, Rogan da Gladen, suka tsara shi: daga 6.7 ka cire 5 na ƙazafi, saura 1.7, ka raba da 0.85, wato 0.90 da 0.95 a haɗe a cire 1. Ka dawo kan 2. In kuwa annoba ta game gari, a ce 600 cikin 1,000, kayan nan dai za su ba ka 560, wato sun rage. A farkon annoba ƙazafi ne abin tsoro, a ƙarshenta tsallake.

Jinin da ka ɗiba da kyau rana da hanya suna iya kashe shi kafin ya iso labo. Ka bar kwalba a tsaye kamar minti 30 jinin ya daskare, sannan ta shiga akwatin sanyi, amma kada ta taɓa ƙanƙara kai tsaye. A ranar a juya ta a inji a raba ruwan jinin. Ruwan kirki rawaya ne garau kamar man gyaɗa. In ka gan shi ja kamar soɓo, ƙwayoyin jini sun fashe, ko don zafi ko don girgizar babur a hanyar jar ƙasa. Yana iya 'yan kwanaki a firigo tsakanin digiri 2 da 8, in zai daɗe sai daskarewa a digiri 20 ƙasa da sifili. Ka raba kowane ɗaya gida biyu tun farko, don narkewa da sake daskarewa na rage masa ƙarfi, kuran kuwa, wato wutar lantarki, kowa ya san halinsa lokacin zafi. Ni kuskuren da ya fi ƙona mini rai ba na kuran ba ne. Alƙalami ne. Mun rubuta lambobi da wanda ba ya jure ruwa, ƙanƙara ta narke a hanya, muka buɗe akwati muka tarar da kwalabe tsirara, aikin yini guda, ba a san na wa da wa ba. Sai da muka koma muna ba mutane haƙuri. Wasu sun sake miƙa hannu, wasu sun ce wanda aka ɗiba jiya ya isa.

Ga ƙauyuka masu nisa da kuma yara ƙanana, busasshen jini a takarda ya fi sauƙi. A soki gefen yatsa na uku ko na huɗu, a goge ɗigon farko, a bar saura su ɗiga da kansu a zagayen da aka zana, ban da matsa yatsa kamar mai tatsa. A shanya a inuwa, a kwance, awa 3 ko fiye, a rufe da gidan sauro don ƙuda da ƙurar hunturu, sannan a sa a leda mai zif da 'yar jakar shan danshi. Sai dai ka tabbata labon da zai auna ya gwada kayansa da irin wannan takarda.

Zagaye ɗaya hoto ne kawai. Yana gaya maka nawa ciwon ya taɓa zuwa ranar, kuma daga nan kana iya kwatanta shi da littafin likita. A ce gari na da mutum 100,000, awo ya nuna 30 cikin 100, wato 30,000, littafi kuwa na da 150: duk mutum 1 da aka rubuta, akwai 200 a zahiri. Amma haɗarin kamuwa, wato saurin da wutar ke ci, sai ka koma. Bayan wata 3 ko 4 ka sake neman mutanen nan dai, musamman waɗanda jininsu bai nuna komai ba. A ce su 400 ne, ka samu 340, cikinsu 68 sun juya, ba kuma allura aka yi musu a tsakani ba. To 1 cikin 5 ya kamu a wata 3. Ka raba wannan bisa shekaru, unguwa, sana'a, sai ka ga ko 'yan kabu-kabu ne suka fi kamuwa ko matan gida, ko gidan da ke da 'yan lakwal. Su kuma 60 ɗin da ba ka samu ba, ka duba su wane ne kafin ka yi murna, don na ci amana in ba 'yan cin rani ba ne mafi yawansu. A tsakanin zagaye da zagaye ne jinin masu ba da jini da na masu awon ciki ke da rana: ba su wakiltar gari, amma in kana auna irin mutanen nan kowane wata da kaya iri ɗaya, hawa da saukarsu labari ne.

Sauran abu ɗaya, kuma shi ne wanda manya ke son ji ba daidai ba. In ka ce musu 60 ko 70 cikin 100 na da sojojin, sai su ji kamar ka ce an gama. Manaus, wani babban birni a Barazil, ya isa darasi. Awon jinin masu ba da jini ya kiyasta cewa zuwa Oktoban 2020 kusan 76 cikin 100 sun kamu, har wasu suka fara cewa garin ya tsira. Janairun 2021 sabon nau'in ƙwayar ya taso, asibitoci suka cika, iskar numfashi ta ƙare musu. Ƙarshen Nuwamban 2021 kuma Omicron ya bayyana a kudancin Afirka, ya riƙa kama waɗanda suka taɓa yi da waɗanda aka yi wa allura, ko da yake galibi bai kwantar da su kamar na farko ba. Sojoji na raguwa, ƙwaya na sauya riga, kuma awon da muke yi yana nuna akwai su ne, ba ya nuna ko za su iya tare wannan sabuwar. Wannan sai wani awo dabam, mai tsada, da ake haɗa ruwan jinin da ƙwayar a ga ko zai hana ta shiga. In kana da hali ka ware kaɗan daga samfuranka ka tura inda ake yinsa. In labonka na ba da adadi ba e ko a'a kawai ba, ka nemi a rubuta shi da BAU, ma'aunin yawan sojojin jini na Hukumar Lafiya ta Duniya, don a iya kwatanta naka da na wasu.

Haka za ka gaya wa mutum ɗaya ma in ka kai masa sakamakonsa, kuma ka kai, don alkawari ka yi. Wani dattijo da na ce masa jininsa ya nuna ya taɓa yi, sai ya ce, "To ɗana, ke nan na huta da allura." Na ce, "Baba, ɓarawo ya taɓa shigowa gidanka ne kawai muka gani, ba mu ce ba ya dawowa ba." Tun Afrilun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta gargaɗi ƙasashe kada su mai da wannan awo takardar shaidar tsira. Sakamakon unguwa kuma a koma a faɗe shi a gaban mai unguwa da liman, da Hausa, ba a bar shi a rahoton Faransanci a Yamai ba. Unguwar da aka ɗibi jininta aka yi shiru, zagaye na biyu ƙofa a rufe za ka tarar.

Rabin ruwan jinin da ka ware, kada a zubar. Ka sa tun farko a takardar amincewa cewa za a ajiye saura don binciken wasu cututtuka nan gaba, wanda bai yarda ba a cire nasa. A jera su a kwali, kowane da lambarsa da ranar ɗiba da yankinsa, a rubuta a littafi a kuma sa a kwamfuta, a liƙa takardar duba sanyi a ƙofar firiza ana cikawa safe da yamma. Lokacin da muka tashi gwada kayan korona, tsohon jinin kafin 2020 shi ne abin da muka fi wahalar samu, kuma ɗan abin da muka tono a ƙasan wata firiza, rabinsa ba kwanan wata a jiki.